WALIYYI MAGNUS, ƊAN SARAUTAR DA YA ƘI ƊAUKAR TAKOBI

Ranar 16 ga Afrilu ce ranar tunawa da Waliyyi Magnus na Orkney, wasu tsibirai da ke arewacin Sikotlan, waɗanda a zamaninsa suke ƙarƙashin Sarkin Norwe.

An haife shi wajen shekara ta 1080 a gidan sarauta. Mahaifinsa Erlend da baffansa Paul su ne ke riƙe da tsibiran tare. A 1098 Sarkin Norwe ya tafi da shi kai hari yankin Wales. Da aka gwabza yaƙi a bakin teku, Magnus ya zauna cikin jirgin ruwa yana rera Zabura, domin ba shi da gaba da kowa a wurin. Sarki ya ɗauki wannan a matsayin ragwanci, har ta kai Magnus ya gudu ya fake a Sikotlan.

Bayan ya komo gida, ya raba mulki da Haakon, ɗan baffansa. Sun yi shekaru suna zaman lafiya, sai magulmata suka shiga tsakaninsu. Aka shirya sulhu a tsibirin Egilsay a lokacin Ista, wajen 1117, bisa sharaɗin kowa ya zo da jirgi 2. Magnus ya cika alkawari, amma Haakon ya iso da jirgi 8. Don kada ɗan'uwansa ya ɗauki alhakin jini, Magnus ya yarda a kore shi zuwa Roma ko Urushalima, ko a tsare shi, ko ma a makantar da shi. Manyan ƙasa suka nace sai ɗayansu ya mutu. Mai riƙe da tutar Haakon ya ƙi yin kisan, sai aka tilasta wa mai dafa masa abinci, Lifolf, wanda ya fashe da kuka. Magnus ya lallashe shi, ya yi wa makasansa addu'a, sannan aka sare shi a ka da gatari.

Labarai sun yawaita bayan mutuwarsa. An ce wurin da ya faɗi, mai duwatsu, ya zama fili mai ɗanyar ciyawa. An kuma ce Bishop William, wanda ya yi shakkar tsarkinsa, ya makance, bai warke ba sai da ya yi addu'a a kabarinsa. Waɗannan na baka ne, Ikkilisiya ba ta tilasta mana gaskata su ba. Abin da ya tabbata shi ne, ɗan 'yar'uwarsa Rognvald ya fara gina babbar majami'a da sunansa a Kirkwall a 1137. A 1919 kuwa aka sami akwatin ƙasusuwa cikin wani ginshiƙinta, ƙoƙon kan yana da tabon sara. Shi ma Haakon daga baya ya tafi ziyarar ibada Roma da Urushalima.

Mu mutanen Gonin Gora da sauran unguwannin Kaduna mun san abin da ramuwar gayya ta jawo mana a rikicin 2000 da na 2012. Har yau akwai masu gaya wa samarinmu cewa wanda bai rama ba rago ne. Haka aka ce da Magnus, amma ga shi bayan shekaru 900 shi ake girmamawa. Iyaye da katikis, mu ba yaranmu labarinsa tun kafin ranar fushi ta zo.

Waliyyi Magnus, ka yi addu'a dominmu. Amin.