Sarauniya Anne, Ƙarshen Gidan Stuart

Idan muna karatun tarihin sarakunan Ingila, mukan tsaya a kan yaƙe-yaƙensu. Amma akwai wata sarauniya wadda baƙin cikin ɗakinta ya sauya gidan sarautar ƙasar baki ɗaya. Ita ce Sarauniya Anne.

An haife ta a Landan a shekarar 1665. Mahaifinta, James na Biyu, ɗan Katolika ne, amma ita an rene ta a cikin Cocin Ingila. A 1688 manyan ƙasar suka juya wa mahaifin baya, ya gudu Faransa. Anne ta bi bayan yayarta Mary da mijinta William, waɗanda suka hau gadon sarauta.

Ta auri Yarima George na Danmak a 1683. Allah ya jarrabe ta da wabi. Ta ɗauki ciki sau 17, biyar kaɗai suka zo da rai. 'Yan mata biyu agana ta ɗauke su cikin mako guda a 1687. Wanda ya ɗan yi kwana shi ne William, shi ma ya rasu a 1700 yana da shekara 11.

Rasuwar yaron nan ta tayar wa majalisa hankali, domin ba a san wanda zai gaji Anne ba. Tana da ƙane, amma ɗan Katolika ne. Saboda haka a 1701 aka kafa doka cewa sai ɗan Furotesta zai yi sarauta, aka tsallake dangi masu yawa, aka zaɓi Sophia ta Hanover a ƙasar Jamus, jikar Sarki James na Ɗaya.

Anne ta hau mulki a 1702. Duk da ciwon ƙafa da ya nakasa ta, takan zauna da ministocinta a kai a kai. A zamaninta ne Ingila da Sikotlan suka haɗe a 1707 suka zama Birtaniya. Ta rasu ran 1 ga Agusta 1714. Sophia ta riga ta da 'yan makonni, sai ɗanta George na Ɗaya ya gaje ta. Daga zuriyarsa Sarki Charles na Uku ya fito.

Mu ɗalibai mun ga cewa sarauta ba ta hana kuka. Mun kuma ga mace da ta binne 'ya'yanta duka, ta share hawaye, ta riƙe amanar ƙasa shekara 12.