Frederick Banting, Likitan da Ya Sayar da Haƙƙin Insulin a Kan Dala Ɗaya

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya. An zaɓe ta ne domin ranar haihuwar Frederick Banting ce, mutumin da ya sa yaro mai wannan ciwo yake iya girma har ya yi furfura.

An haife shi a 1891 a gonar iyayensa kusa da Alliston, a ƙasar Kanada, shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Ba wani haziƙi ba ne a aji. Shekararsa ta farko a Jami'ar Toronto ma faɗuwa ya yi, sai a 1912 ya koma karatun likita. Ya gama a 1916, ya tafi yaƙin duniya na ɗaya a matsayin likitan soja, aka ji masa rauni a Faransa a 1918. Da ya dawo, ya buɗe ɗan asibitinsa a 1920, amma kasuwa ta ƙi. Sai da ya kusa wata guda bai ga majiyyaci ko ɗaya ba.

A zamanin nan, in aka ce yaro ya kamu da ciwon suga, to an yanke ƙauna ke nan. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas, ita ke samar da insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin ƙwayoyin jiki. In babu shi, suga ya taru a jini, yaro ya yi ta ramewa har ya suma. Dabarar likitoci kawai ita ce horon yunwa, wanda ba ya wuce jinkirta mutuwa.

A daren 31 ga Oktoban 1920, bayan ya karanta wata muƙala yana shirin koyarwa, dabarar tatso sinadarin ta faɗo masa. Farfesa John Macleod na Toronto ya ba shi ɗakin gwaji da karnuka da ɗalibi guda, Charles Best, ɗan shekara 22, wato sa'an yawancinmu. Suka fara aiki a Mayun 1921, suna cire wa kare fankiriyas, su yi masa allurar abin da suka tatso, sai suga ya sauka. Daga baya James Collip ya tace maganin.

Ranar 11 ga Janairun 1922 aka gwada shi a jikin Leonard Thompson, ɗan shekara 14. Bai yi aikin kirki ba. Aka sake ranar 23 da tatacce, yaro ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya. A 1923 Banting da Best da Collip suka sayar wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaya kowannensu. A shekarar aka ba Banting da Macleod lambar Nobel. Haushin ƙyale Best da aka yi ya sa Banting ya raba kuɗinsa biyu da shi. Ya mutu a haɗarin jirgin sama a Newfoundland ranar 21 ga Fabrairun 1941, yana ɗan shekara 49.

Sai dai fa insulin riƙe ciwon yake yi, ba ya warkarwa, kuma Banting ya mutu bai san musabbabinsa ba. A 1974 masu bincike a Landan suka gano alamar cewa garkuwar jikin yaron ce da kanta ke afka wa ƙwayoyin da ke yin insulin. Ba yawan shan zaƙi ba ne, ba kuma jifa ba ne. A 2004 aka fara bibiyar dubban yara a Amurka da Finland da Jamus da Sweden don gano abin da ke tunzura garkuwar, kuma a 2022 Amurka ta amince da maganin teplizumab, mai jinkirta bayyanar ciwon da kimanin shekara biyu.

Mu a nan Kaduna, matsalarmu ta fi kusa: tsadar insulin, rashin wutar da za a ajiye shi a firji, da ɗaukar ciwon a matsayin maleriya ko taifod. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in ƙaninka ko ƙanwarki suna yawan ƙishirwa da fitsari, suna ramewa alhali suna cin abinci, ko sun koma fitsarin kwance bayan sun daina, kada a tsaya a kemis. A kai su Barau Dikko ko asibiti mafi kusa a auna suga. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, cikin minti guda a ga sakamako.