IBNU SHAƊIR: SHUGABAN LADANAI DA YA GYARA LISSAFIN TAFIYAR WATA

A watan Maris na 2025 masana falaki suka ba da sanarwar gano sababbin watanni 128 masu kewaya tauraron Zuhal, watau yadda wata ke kewaya duniyarmu, har jimillarsu ta kai 274 a lokacin. Ba a karɓar irin wannan labari sai an yi ta bin ɗan hasken da aka hango, an lissafa hanyar da yake bi, sa'an nan an sake tarar da shi a inda lissafi ya nuna. To, wannan ƙa'ida ta gwada lissafi da abin da ido ya gani ita ta sa a wannan mako za mu waiwayi wani bawan Allah da ya tsaya a kanta tun shekaru ɗari shida da suka wuce.

Sunansa Aliyu ɗan Ibrahim, amma an fi saninsa da Ibnu Shaɗir. An haife shi a Dimashƙa ta ƙasar Sham wajen shekara ta 704 Hijira, daidai da 1304. Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, dangi suka riƙe shi, ya koyi sana'ar yi wa katako ado da hauren giwa. Daga baya ya tafi Alƙahira da Iskandariya neman ilmin lissafi da falaki. Da ya komo gida aka naɗa shi muwaƙƙiti, watau mai tsare lokutan salla, kuma shugaban ladanai a babban Masallacin Banu Umayya.

Wannan aiki amana ce mai nauyi, domin sallar jama'a da azuminsu suna rataye a wuyan mai shi, ga shi kuwa babu agogo irin namu. Saboda haka ya tsara jadawalin lokutan salla, ya ƙera na'urorin auna rana da taurari da hannunsa, sana'ar ƙuruciya ta yi masa rana. Wajen 1371 ya kafa agogon inuwa a kan hasumiyar masallacin, falalen dutsen marmara mai tsawon kamar mita 2 da faɗin mita 1. Ya karkata sandarsa ta fuskanci tauraron arewa, don sa'o'i su zo daidai rani da damina. Gutattsarinsa na asali suna gidan kayan tarihi na Dimashƙa.

Amma babban aikinsa a kan wata ya yi shi. A zamaninsa littafin da ake dogara da shi shi ne Almajisɗi, na Baɗalimusa masanin Iskandariya, wanda ya rayu a ƙarni na 2 bayan Annabi Isa, alaihissalam. Lissafin Baɗalimusa yana nuna inda wata zai tsaya a sama, amma akwai aibi a cikinsa. Idan aka bi shi, sa'ad da wata ya kai rabi zai iya kusantar duniya har nisansa ya ragu da kusan rabi, ya kamata ke nan a gan shi ya kusa ninka girmansa. Kowa ya ɗaga kai ya san haka ba ta faruwa. Fiye da shekara dubu ana koyar da littafin. Malamai irin su Ibnul Haisam da Nasiruddin Ɗusi sun riga sun soki wasu sassansa, sai Ibnu Shaɗir ya ɗora a kan aikinsu. A littafinsa Nihayatus Suli fi Tas'hihil Usuli ya sake tsara da'irorin tafiyar wata yadda nisansa ba zai saɓa wa abin da ake gani ba. Awon zamani ya nuna nisan wata yana kai da komo ne tsakanin kilomita 356,000 da 407,000 ko kusa da haka.

Ya rasu a Dimashƙa a 777 Hijira, daidai da 1375, sai a 1957 wani mai bincike, Victor Roberts, ya nuna cewa tsarin wata na Kofanikus, masanin ƙasar Folan wanda littafinsa ya fito a 1543, daidai yake da na Ibnu Shaɗir. Gaskiya kuwa a faɗe ta: shi Ibnu Shaɗir ya bar duniya a tsakiya, rana tana kewaya ta, Kofanikus ne ya mai da rana tsakiya. Watannin sauran taurari kuma sai a 1610 Galileyo ya fara hango huɗu na Mushtari da madubin hangen nesa.

Ya 'yan'uwa, da yawa a cikinmu sukan haɗa ilmin falaki da duba, wasu samari kuma suna zaton kayan Turawa ne. Ga mutumin da hidimar masallaci ta kai shi ga wannan ilmi, ya girmama magabata, amma girmansu bai hana shi gyara kuskurensu ba. Ya kamata makarantunmu na Islamiyya su koya wa yara yadda ake fitar da jadawalin sallar da ke rataye a bangon masallatanmu. Allah ya jiƙan Ibnu Shaɗir, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.