Abul Ƙasim al-Shabbi: Mawaƙin da matasan Larabawa suka farfaɗo da shi

Shekaru 25 kacal Abul Ƙasim al-Shabbi ya yi a duniya, amma baitocinsa ne matasa suka riƙa rerawa a titunan Tunis da Alƙahira a 2011, shekaru 77 bayan rasuwarsa.

An dai haife shi ne a 1909 kusa da garin Tozeur da ke kudancin Tunisiya, lokacin da ƙasar take hannun Faransa. Mahaifinsa alƙali ne da ya yi karatu a Azhar, kuma yawan sauya masa wurin aiki ya sa yaron ya zaga sassan ƙasar tun yana ƙarami.

A 1920 ya shiga makarantar Masallacin Zaituna, inda daga baya ya kasance cikin ɗaliban da ke neman a gyara tsarin koyarwa. Larabci kaɗai ya iya, adabin Turawa kuwa ta hanyar fassara ya san shi.

A 1929 ya gabatar da wata lacca da ya soki tsohon salon waƙar Larabawa, abin da ya jawo masa fushin masu ra'ayin mazan jiya. A shekarar ne kuma mahaifinsa ya rasu, nauyin gida ya dawo kansa, ga ciwon zuciya da ya sa shi gaba.

Cikin wannan hali ne ya rubuta Iradatul Hayat a 1933, waƙar da ke zaburar da al'umma ta tsinke sarƙar zalunci. Wasu malamai sun yi suka kan yadda ya ambaci ƙaddara a cikinta.

Allah ya yi masa rasuwa a wani asibiti a Tunis ranar 9 ga Oktoban 1934. Sai a 1955 aka buga diwaninsa a Masar.

Baitoci biyu na farkon waƙar suna cikin taken ƙasar da gwamnatin Zainul Abidina Ben Ali ta amince da shi a 1987. Yaran da aka koya wa su a makarantun gwamnati, su ne suka girma suka fito da su kan titi, har Ben Ali ya tsere zuwa Saudiyya ranar 14 ga Janairun 2011.