Nikos Godas: Ɗan ƙwallon da aka harbe sanye da rigar kulob ɗinsa

Duk lokacin da aka ambaci ƙasar Girka a majalisar masu sha'awar tamaula a ƙasar nan, wasa biyu ne ke faɗo wa jama'a a rai. Na farko shi ne na Amurka a 1994, inda Finidi da Amokachi suka zura musu ƙwallo biyu ba ko ɗaya. Na biyu kuwa shi ne na Afirka ta Kudu a 2010, wanda har gobe ba mu son tunawa da shi, ranar da aka ba Sani Kaita jan kati, Girkawa suka farke ƙwallon da muka ci su, suka kuma ƙara. Wanda ya ci ta biyun, Torosidis, ɗan wasan Olympiacos ne a lokacin, wato kulob ɗin da marigayi Rashidi Yekini ya ɗan taɓa zama a 1994. Bibiyar tarihin wannan kulob ce ta haɗa ni da wani ɗan wasa mai suna Nikos Godas, wanda bai taɓa buga gasar duniya ba, bai tara abin duniya ba, bai ma kai shekara talatin ba, amma har yau magoya bayan kulob ɗin suna ɗaga hotonsa a filin wasa.

An haifi Godas a 1921 a garin Ayvalik, a gaɓar tekun yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. Mai karatu ya yi mini uzuri in ɗan ratse, domin mai nazarin harshe ba ya iya wuce irin wannan suna ba tare da ya tsaya ba. Turkawa na kiran garin Ayvalik, Girkawa na kiransa Kidoniyes, kuma duka sunayen biyu ma'anarsu ɗaya ce, wato wurin da ake samun wani ɗan itace mai kama da tuffa. Al'ummu biyu sun zauna tare har suka fassara wa juna sunan gari, sannan suka wayi gari ba sa iya haɗa hanya. A 1922 sojojin Girka suka sha kashi a hannun Mustafa Kamal, a 1923 kuma aka ƙulla yarjejeniyar musayar jama'a a Lausanne. Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka ƙare a Girka, Musulmi kusan dubu 400 suka koma Turkiyya. Addini aka duba wajen rabon, ba harshe ba. Saboda haka aka kwashi Kiristocin da Turkanci kaɗai suke ji aka kai Girka, aka kwaso Musulmin tsibirin Kirit masu magana da Girkanci aka zuba da yawansu a gidajen Ayvalik ɗin da su Godas suka bari.

Yana goye iyayensa suka tsere da shi. Sun yada zango a tsibirin Lesbos, suka wuce Kirit, daga bisani suka tare a Kokkinia, wata unguwar 'yan gudun hijira da ke gefen Piraeus, babbar tashar jiragen ruwan birnin Atina. Unguwa ce ta 'yan dako da ma'aikatan masana'antu, waɗanda 'yan ƙasa ke yi wa kallon baƙi duk da cewa jini ɗaya suke. A irin waɗannan unguwanni ƙwallo da siyasar 'yan ƙwadago suka yi girma tare. Kulob ɗin AEK da aka kafa a 1924 da PAOK na 1926 duk 'yan gudun hijirar Istanbul ne suka kafa su. Shi kuwa Olympiacos, da aka kafa a Piraeus a watan Maris na 1925 da riga mai ratsin ja da fari, shi ne kulob ɗin talakan tashar, kishiyar Panathinaikos na masu hali a tsakiyar Atina.

Godas ya fara wasa a ƙananan ƙungiyoyin unguwa, ya koma Argonaftis ta Piraeus, daga nan Olympiacos ta ɗauke shi. Ɗan wasan tsakiya ne mai tura ƙwallo gaba, yana kuma ci da kansa. Sai dai ya kamata a fahimci cewa a wancan zamani babu mai cin abinci da ƙwallo a Girka, domin sai a 1979 wasan ya zama sana'ar albashi a hukumance. Ɗan wasa yana da aikinsa na neman tuwo, ƙwallo kuwa ta yamma ce da ranar Lahadi.

Rashin sa'arsa shi ne ƙuruciyarsa ta faɗo daidai lokacin yaƙi. Italiya ta auka wa Girka a Oktoban 1940, Jamus ta biyo baya, ta shiga Atina a Afrilun 1941. A hunturun wannan shekara yunwa ta kashe dubban mutane a Atina da Piraeus, har ana tsintar gawa a bakin titi da safe. An dakatar da gasar ƙasa, sai 'yan ƙananan kofuna da ake shiryawa jefi-jefi. A ɗaya daga cikinsu, na Kirsimetin 1943, Godas na cikin 'yan wasan Olympiacos da suka lallasa Panathinaikos da ci 5 da 2. Alal haƙiƙa tarihin wasansa ke nan, bai fi 'yan shekaru ba, kuma ba za a ce shi ne gwanin zamaninsa ba.

A daidai lokacin da yake wasan, yana kuma cikin rundunar ELAS, wato reshen soja na ƙawancen EAM da 'yan gurguzu ke jagoranta, wanda shi ne mafi girman ƙungiyoyin da suka yi wa 'yan mamaya turjiya. Ya kai matsayin kwamandan wani rukuni na mayaƙan Kokkinia. Ya yi faɗan watan Maris na 1944, lokacin da Jamusawa da 'yan korensu Girkawa suka nemi murƙushe unguwar. Ranar 13 ga Oktoban wannan shekara, kwana ɗaya bayan Jamusawa sun fice daga Atina, wata tawagarsu ta nufi tashar lantarki ta Keratsini da niyyar tarwatsa ta kafin su wuce. Mayaƙan ELAS da ma'aikatan tashar suka tare su, suka hana, kuma Godas na cikinsu. Da tarihinsa ya tsaya a nan, da gwarzon ƙasa ne wanda babu mai jayayya a kansa.

Amma ba a nan ya tsaya ba. Ranar 3 ga Disamban 1944 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar EAM a tsakiyar Atina, aka shiga gumurzu na sama da wata guda tsakanin ELAS a gefe ɗaya, da dakarun gwamnati da sojojin Birtaniya a ɗaya gefen. ELAS ta sha kaye, ta ajiye makamai bisa yarjejeniyar Varkiza ta Fabrairun 1945. An yi alkawarin afuwa kan laifuffukan siyasa, amma aka bar ƙofa a buɗe ga abin da aka kira laifuffukan gama-gari, ta wannan ƙofa kuwa aka bi aka kama dubban tsofaffin mayaƙa. Godas ya dawo gida ba shi da lafiya, aka kama shi a 1945, aka gurfanar da shi tare da wasu bisa zargin kashe-kashen da aka yi a Kokkinia, aka yanke masa hukuncin kisa.

A nan dole mai rubutu ya yi adalci. Gaskiya ne cewa a rikicin Disamba 'yan gurguzu sun kashe fararen hula, sun kuma yi garkuwa da mutane masu yawa, kuma iyalan waɗanda aka kashe suna da hakkin neman shari'a. Gaskiya ne kuma cewa kotunan wancan lokaci sun karɓi shaidar mutanen da jiya-jiya suke yi wa Jamusawa aiki, yayin da akasarin waɗannan 'yan kore suka sha ba tare da ko ƙwarzane ba. Mutanen Godas sun tsaya a kan cewa shaidar zur aka yi masa. Ni dai a ganina, kotun da ta bar maci amanar ƙasa yana yawo, ta kuma ɗora shi a akwatin shaida, ta riga ta zubar da ƙimar hukuncinta da hannunta.

Ya yi shekara uku ana yawo da shi tsakanin gidajen yari, daga Averof a Atina zuwa tsibirin Egina, daga nan zuwa Korfu, yayin da yaƙin basasa na 1946 zuwa 1949 ke ci. Duk tsawon wannan lokaci akwai wata takarda da ake miƙa wa fursunoni irinsa, wadda Girkawa ke kira dilosi, wato sanarwar tuba. Mutum zai sa hannu cewa ya yi tir da aƙidarsa da abokan tafiyarsa, a buga a jarida, wani lokaci ma a karanta a cocin garinsu. Sau da yawa wannan sa hannu kan sassauta hukunci, har ya ceci rai. Daga wannan kalma aka ƙirƙiro dilosiyas, sunan zagi ga wanda ya sa hannun, wanda kan bi mutum har kabarinsa. Ba na cikin masu zargin waɗanda suka sa hannu, domin mai 'ya'ya a gida ya san abin da yake aunawa. Abin da na lura da shi kawai shi ne, gwamnatin ba ta damu da abin da ke zuciyar fursuna ba, furucinsa take so a bainar jama'a, domin ta karya na waje da shi. Godas ya ƙi sa hannu. Shugabannin kulob ɗinsa kuma, waɗanda manyan attajirai ne masu faɗa a ji, ba su ceto shi ba.

Da asubahin 19 ga Nuwamban 1948 aka sa shi a kwalekwale zuwa Lazareto, wani ɗan tsibiri da ke gaban garin Korfu. Tun zamanin mulkin Benis ake killace matafiyan da ake zargin suna ɗauke da annoba a wurin, daga nan ma sunan ya samo asali. Godas ya fito sanye da rigar Olympiacos mai ja da fari da farin gajeren wando, kamar mai shirin shiga fili. Labarin da fursunonin Korfu suka riƙe shi ne ya ƙi yarda a ɗaure masa ido, domin yana son launin rigar ya zama abin da zai gani na ƙarshe. Yana da shekara 27.

Sai a 1974, bayan faɗuwar mulkin soja, aka halatta jam'iyyar gurguzu a Girka. A 1982 gwamnatin Andreas Papandreou ta amince a hukumance da gwagwarmayar EAM da ELAS a matsayin turjiyar ƙasa, a 1989 kuma majalisa ta yi doka ta daina kiran rikicin da sunan yaƙin 'yan fashi, ta koma kiransa yaƙin basasa. Fiye da mutum 100 aka harbe a Lazareto a waɗannan shekaru. Babu mai zama a tsibirin yanzu, sai ɗan ƙaramin coci, da kufan ginin killacewa, da guntun bangon da ake tsayar da su.