Sarauniya Mariya Tereza, Mai Hoton Liyari

A ƙasar Hausa, har da Gusau da Tsafe da Bunguɗu, dattawa sun san liyari, wato kuɗin azurfar nan da mata kan rataya a wuya don ado. Amma ba kowa ya san matar da hotonta ke jikinsa ba.

Sunanta Mariya Tereza. An haife ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a shekarar 1717. Mahaifinta, Sarki Charles na Shida, ya rasu a 1740 bai bar ɗa namiji ba, sai ta gaje shi tana da shekara 23. Nan da nan sarakunan maƙwabta suka raina ta. Sarki Frederick na Furusiya ya ƙwace mata lardin Silesiya, aka yi ta gwabza yaƙi har 1748. Lardin bai dawo ba, amma ta tsare gadon sarautarta. Ta haifi 'ya'ya 16, ta gyara tsarin haraji, ta kuma wajabta karatun firamare a 1774.

A ƙasashen Jamusawa, tun zamanin da, sarakuna da manyan limaman coci masu mulkin garuruwa, irin na Kolon, kowa kan buga kuɗinsa, nauyi kuwa ya sha bamban. Liyari, wanda aka fara bugawa a 1741, ya yi fice saboda an tsayar masa da ma'auni: kimanin giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Akwai kuma rubutu a gefensa, wanda ke tona asirin mai kankare shi.

Wannan aminci ne ya sa fatake suka ƙetaro Sahara da shi. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin guda ɗaya a kan wuri 2,500.

Sarauniya ta rasu ran 29 ga Nuwamba, 1780, amma 'yan kasuwa ba su yarda da wani kuɗi kamarsa ba. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da hotonta, sanye da mayafin takaba, da shekarar 1780 ba canji. Don haka duk mai tara tsofaffin kuɗi ya lura: wannan shekara ba ita ke nuna tsufan liyari ba.