Duane Allman: makaɗin da ya rasu kasuwarsa na fara ci

Duk wanda ya taɓa kafa rumfa a kasuwa ya san shekarun farko su ne masu wuya. Ga kaya, babu masu saye, bashi kuma na bin mutum har gida. Tarihin da muka kawo muku yau na wani makaɗin gita ne ɗan ƙasar Amurka, Duane Allman, wanda ya sha irin wannan wuya shekara da shekaru, sai da kasuwarsa ta fara ci ajali ya tarar da shi bisa hanya. Shekara 24 kacal ya yi a duniya. Amma fiye da shekara 50 bayan rasuwarsa, masu son kiɗan da ake kira rok na Kudu, da masu bin makaɗa gari gari don su ji su ido da ido, shi suke ɗauka a matsayin wanda ya share musu hanya.

Maraya tun yana ɗan shekara uku

An haifi Howard Duane Allman ran 20 ga watan Nuwamba 1946 a birnin Nashville na jihar Tenesi, kudancin Amurka. Ƙanensa Gregg ya biyo shi a watan Disamba 1947. Ubansu soja ne. Ran 26 ga Disamba 1949, wani mutum da uban ya rage wa hanya a mota ya yi masa fashi, ya harbe shi har lahira. Uwarsu Geraldine ta rage ita kaɗai da yara biyu. Ta shiga koyon aikin lissafin kuɗi don ta samu abin riƙon su, su kuma ta kai su makarantar kwana mai horo irin na soja. A ƙarshen shekarun 1950 ta kwashe su zuwa Daytona Beach, wani gari na bakin teku a jihar Fulorida.

Gregg ne ya fara sayen gita, da ɗan kuɗin da ya tara wajen raba jarida gida gida. Duane ya riƙa ɗaukar ta har suna faɗa a kanta, kuma ba a jima ba ya wuce mai gitar. Bahago ne, amma da dama ya koyi kaɗawa. Daga bisani ya bar lakwal, ya zauna gida daga shi sai gitarsa.

A lokacin nan, a kudancin Amurka doka ta raba farar fata da baƙar fata: makaranta daban, gidan abinci daban, wurin zama cikin mota daban. Sai a 1964 aka soke dokokin, amma halin bai fita daga zukata da wuri ba. Su Duane turawa ne, sai dai kiɗan da ya shiga ransu na baƙar fata ne, wato bulus, wanda jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka ƙirƙiro. Da dare suna kama tashar rediyon WLAC ta Nashville mai saka irin waɗannan waƙoƙi. Sun ga B.B. King yana wasa da idonsu, sun kuma riƙa cuɗanya da makaɗa baƙar fata na garinsu.

Kwalbar maganin mura

Wa da ƙane suka kafa ƙungiya mai suna Allman Joys a 1965, suna yawon gidajen rawa. A 1967 suka tafi Los Anjalas da sabon suna, Hour Glass, wani kamfanin faifai ya ɗauke su. Kamfanin ne ke zaɓa musu waƙa, shi ke faɗin irin tufafin da za su sa. Faifai biyu suka yi, duka ba su saidu ba. A 1968 Duane ya yi fushi ya koma Kudu, Gregg ya tsaya don ya cika sauran yarjejeniyar da ke kansu.

Amma zaman bai tashi a banza ba, don can ya samo abin da ya ɗaukaka shi. Yadda Gregg ya ba da labari daga baya, Duane na kwance ba lafiya, sai ya aje masa kwalbar maganin mura mai suna Coricidin da faifan wani mawaƙi, Taj Mahal. A cikin faifan akwai waƙar Statesboro Blues, inda makaɗin ke jan gitar da wani abu mai santsi. Duane ya juye ƙwayoyin, ya zura yatsa cikin kwalbar, ya shiga kwaikwayo.

Ga yadda abin yake. Mai gita yakan danne tsirkiya da yatsa, kowane wuri da muryarsa, sauti na tsalle daga wannan zuwa wancan. In kuwa da kwalba ake jan tsirkiyar, sautin ba ya yankewa, yana hawa yana sauka kamar na goge, ko kamar muryar mutum mai kuka. Wuyar ita ce in hannu ya kauce ko da kaɗan, kunne zai ji. Baƙar fata masu bulus sun daɗe da wannan salo, Duane ya gaje shi daga gare su ya kai shi gaban dubban jama'a. Har ya rasu, da irin wannan ƴar kwalba yake aiki.

A ƙarshen 1968 ya samu aikin ƙodago a ɗakin ɗaukar waƙa na FAME, a garin Muscle Shoals na jihar Alabama, yana kaɗa wa manyan mawaƙa. Shi ya ba Wilson Pickett shawara ya rera Hey Jude, waƙar ƙungiyar Beatles ta Ingila. Kiɗan da ya yi a ƙarshen waƙar ya sa manyan kamfanin Atlantic suka shiga tambayar ko wane ne. Ya kaɗa wa Aretha Franklin da King Curtis da wasunsu. Kuɗi sun fara shigowa, amma zama cikin ɗaki yana cika aikin wasu bai gamshe shi ba. So yake ya tsaya gaban jama'a da ƙungiyarsa.

Mutum shida da mai abinci

A watan Maris 1969, a Jacksonville ta jihar Fulorida, ya haɗa Allman Brothers Band. Su shida ne: shi da Dickey Betts a gita, Berry Oakley a gita mai babbar murya, Butch Trucks da Jaimoe a ganguna, sai Gregg da ya kira daga Los Anjalas ya zo ya riƙe waƙa da ogan, wani abin kiɗa mai kama da piyano. Jagoran gita biyu da masu ganga biyu a ƙungiya guda, abu ne da ba a saba gani ba. Jaimoe kuwa baƙar fata ne, ya taɓa yi wa Otis Redding kiɗa. Shekara guda ke nan da kashe Martin Luther King, sai ga turawa biyar masu dogon gashi da baƙar fata ɗaya suna tafiya tare, suna ci tare, cikin ƙauyukan Kudu. Sun sha harara da tsangwama, amma ba su rabu ba.

Suka koma Macon a jihar Jojiya, inda Phil Walden, tsohon manajan Otis Redding, ya buɗe kamfanin faifai na Capricorn. Aljihu babu komai. A garin akwai wani ɗan gidan abinci mai suna H&H, na wasu mata biyu baƙar fata, Inez Hill da Louise Hudson, wadda kowa ke kira Mama Louise. Ta ga samari da yunwa suna haɗa ƴan kuɗinsu su sayi kwano biyu su raba, sai ta ƙara musu, ta ce su biya ran da suka samu. Mata masu tuwo-tuwo sun san irin wannan bashi: wani ya dawo, wani sai labari.

Faifansu na farko ya fito a Nuwamba 1969, bai kai 35.000 ba da aka sayar a lokacin. Na biyu, Idlewild South, ya fito a 1970, ya ɗan fi, amma bai fitar da su daga talauci ba. An ba su shawara su koma Niyok ko Los Anjalas inda harkar take, suka ƙi barin Kudu. Sai suka bi hanyar ɗan koli, suka ɗauki kayansu suka kai wa mutane har inda suke. Suna wasa kyauta a filin shaƙatawa na Piedmont a Atlanta. A shekarar 1970 kaɗai sun yi wasa kusan sau 300, suna kwana cikin mota. Wanda ya ji su yau, gobe sai ya zo da abokinsa.

Abin da ke jawo mutane shi ne ba sa maimaita wasa. Waƙar da ke minti biyar a faifai, a dandali sai ta kai ashirin. Za su fara da karin da kowa ya sani, sannan su sake shi: Duane ya jefa magana da gita, Dickey ya amsa, ganguna su canza taki, su yi nisa har ka ce sun ɓace, can sai ka ji duka shidan sun dawo gida lokaci guda. Wannan dabara daga makaɗan jaz suka koyo ta. Jaimoe ne ya riƙa saka musu faya-fayan Miles Davis da John Coltrane. Haɗin bulus da jaz da kiɗan karkara na turawan Kudu shi ne aka zo aka kira rok na Kudu.

A watan Ogusta 1970 Eric Clapton na Ingila, wanda sunansa ya riga ya cika duniya, ya zo kallon su a Mayami. A daren ya gayyaci Duane wurin da yake ɗaukar faifan Layla. Cikin waƙoƙi 14 na faifan, Duane ya kaɗa a 11. Clapton ya nemi ya zauna tare da shi, ga suna ga kuɗi. Duane ya koma wurin ƴan uwansa da tsohuwar motarsu.

Daren Fillmore

Tun da a gaban jama'a ƙarfinsu yake, suka yanke shawara a ɗauki faifai na uku a dandali. Ran 12 da 13 ga Maris 1971, a zauren Fillmore East na Niyok, Tom Dowd ya ɗauki wasansu. Faifan At Fillmore East ya fito a watan Yuli, tagwaye ne, amma waƙa bakwai kawai ke ciki. Whipping Post ita kaɗai ta kusan minti 23, ta cinye fuska guda. Aka kuma sayar da tagwayen a farashin faifai ɗaya don talaka ya iya saye. Da za a rufe zauren a ƙarshen watan Yuni na shekarar, sun yi wani wasa da bai tashi ba sai da gari ya waye.

Faifan ya hau har lamba 13 a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka, kuma a watan Oktoba ya samu shaidar zinariya da ake ba faifan da ya saidu sosai. Haƙuri ya fara biya.

Sai dai akwai ɓaraka. Tafiya ba hutu ta jefa su cikin shan miyagun ƙwayoyi, har da hodar heroyin. A cikin watan nan na Oktoba, Duane da Berry Oakley suka kwanta asibiti a Buffalo don su rabu da ita. Duane kuma mutum ne mai son gudu da moto tun yana yaro.

Ran Juma'a 29 ga Oktoba 1971 da marece, yana bisa motonsa Harley-Davidson a cikin Macon, da gudu, sai ga wata kamiyo mai ɗauke da injin ɗaga katako ta tsaya a mararraba. Ya kauce, bai tsira ba. Moton ya tashi ya faɗo masa, ya murƙushe masa ciki. Bayan ƴan awoyi ya cika a asibiti, saura mako uku ya kai shekara 25. Ya bar ɗiya mai shekara biyu. A wurin jana'izarsa sauran biyar ɗin suka ɗauki kayan kiɗa suka yi masa bankwana.

Abin da ya bari

Ran 11 ga Nuwamba 1972 Berry Oakley, wanda bai taɓa warkewa daga rashin abokinsa ba, ya yi karo da motar bas a kan moto, layi uku daga inda Duane ya faɗi. Shi ma shekararsa 24. An binne su kusa da juna a maƙabartar Rose Hill ta Macon.

Ƙungiyar ta ci gaba. Faifan Eat a Peach na 1972 na ɗauke da ragowar aikin Duane, har da Mountain Jam mai fiye da minti 33. A 1973 suka yi wasa a Watkins Glen tare da Grateful Dead da The Band gaban mutum kusan 600.000. Ƙofar da ya buɗe ce su Lynyrd Skynyrd da Marshall Tucker Band suka bi. A 2003 mujallar Rolling Stone ta sa shi na biyu cikin manyan makaɗan gita, bayan Jimi Hendrix. Bayan rabuwa da sake haɗuwa, ƙungiyar ta yi wasanta na ƙarshe a Niyok ran 28 ga Oktoba 2014, kuma ba ta tashi ba sai da dare ya raba aka shiga 29 ga wata, ranar rasuwar wanda ya kafa ta. Gregg ya rasu a 2017, aka binne shi kusa da wansa. Da rasuwar Dickey Betts a 2024, Jaimoe kaɗai ya rage cikin shidan.

Mama Louise kuwa, samarin ba su manta da ita ba. Da arziki ya zo sun ci gaba da cin abincinta, kuma a 1972 suka ɗauke ta suka yi yawon wasa da ita. Gidan da suka zauna a Macon ya zama gidan tarihi a 2009. Ta rasu a 2022, bayan ta ga baƙi daga ƙasashe daban-daban suna zuwa neman teburin da yaran nan shida suka ci bashi.